Magaryar Iya Yakaka

Ramatu ta karkata bokiti ke nan, ruwa ya fara kwarara a gindin magaryar, sai ta ji murya daga bayanta, siririya amma da sauran kaifinta.

"Ke 'yar fadama, me na yi miki za ki kashe mini ita?"

Ta juyo da ragowar ruwa a hannu. Maƙwabciyarta ce, Iya Yakaka, tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da zanin da yanzu ya yi mata yawa. Rabon tsohuwar da tsakar gida tun kafin azumi, ga shi har an sha ƙaramar salla an manta. An kai ta asibiti an dawo da ita, likita ya ce a je gida a ci gaba da lallaɓawa, kuma babu wanda bai gane abin da yake nufi ba. Yau ne ta fara samun ƙarfin fitowa, kuma abin da idonta ya fara sauka a kai shi ne magaryarta: ganye ya yi rawaya ya zube, rassa sun tsaya tsirara kamar figaggiyar kaza.

Ramatu ta ce ai ruwa take ba ta, safe da yamma, tun da aka dawo da Iya daga asibiti ba ta taɓa fashi ba. Da 'yar fahariya ta faɗa, domin a zafin bazarar nan ruwa ba abin wasa ba ne. Na wanki, na wanke-wanke, wani lokaci har na randa, duk nan take kawowa.

"Safe da yamma," in ji Yakaka. "Shinkafa ce?"

Ba za a ga laifin Ramatu sosai ba. Haifaffiyar bakin kogi ce, ubanta masunci, kawunnanta manoman shinkafa. A gidansu in ana son abu ruwa ake ba shi, baƙo ne ko shuka ko marar lafiya, kuma ba ta taɓa jin an ce bokiti ya kashe itace ba. Ita kuwa Yakaka 'yar Birniwa ce, ƙasar rairayi, inda ake alwala ana tare ruwan da tasa don kada ya tafi a banza. Aure ne ya kawo ta Haɗeja tana yarinya. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya tsaya, ta zauna ita kaɗai a gidan tana sayar da ƙuli da man gyaɗa. Amma ba da ƙuli aka san ta ba. Ita ce ke wanke duk macen da ta rasu a unguwar, kuma ba ta zuwa gidan mutuwa sai da ganyen magarya ƙulle a bakin mayafi, na gidanta, wanda ta tsinka da hannunta.

A da babbar magarya ce a gidan, wadda ta fi katanga tsawo. Shekarar da ruwa ya ci unguwar, mutane suka kwashe suka koma makarantar firamare a kan tudu, a can ne amai da gudawa ya kama Ummussalma, 'yar Ramatu ta fari, kuma kafin a yi wani abu yarinyar ta cika. Ramatu ba ta manta ba, ba kuma za ta manta ba: Yakaka ta ɗaure zani a ƙirji ta shiga ruwan nan har wuya, maza suna kiranta tana yi musu banza, ta je gidanta ta tsinko ganye, ta dawo da shi a kan kai don kada ya jiƙe. Ita ta wanke yarinyar a cikin aji, ita ta yi mata kitso uku, ita ta suturta ta. Uwar kuwa ta kasa ko leƙa ƙofar. Tana waje ta kifa fuska a gwiwa har aka fito. Tun daga ranar Ramatu ba ta iya kallon gawa. Ko gaisuwar mutuwa za ta je, sai ta tabbatar maza sun dawo daga maƙabarta.

Da ruwa ya janye, katangar da ta raba gidajen biyu ta zama tsibin laka, babbar magaryar kuma ta bushe a tsaye. Yakaka ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta aika Birniwa wurin ƙanwarta Falmata, ta ce a tsinto mata ƙwallon magarya a garken awaki, domin wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin fashewa. Ta binne su a daidai inda katanga ta faɗi, ɗaya ya tsiro, ta kewaye shi da ƙaya, ta binne tsohon tulu mai tsaguwa a gefensa. Ranar Juma'a kaɗai take juye butar alwala a cikin tulun ta rufe bakinsa da sakaina. Da Muttaka, mijin Ramatu, ya tashi mayar da katanga, ta ce ya bar mata gurbi, ya bari. Ta gurbin nan matan biyu suke shiga wa juna, kuma babu ranar da magaryar ba ta kama wa Ramatu zani. Ƙayarta bibbiyu take fitowa, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya. Yakaka takan ce ɗaya ta soke ka, ɗaya ta riƙe ka har ka gaishe ta.

Ranar da aka dawo da ita daga asibiti ne ta kama hannun Ramatu ta faɗi abin da take so. Ta ce ta wanke matan unguwar nan da ba ta san iyakarsu ba, ita kuma ba ta da 'ya. Tana so in ta cika Ramatu ta wanke ta, kuma da ganyen magaryar nan tata, ba na kasuwa ba, ba na bakin hanya ba. Ramatu ta so ta ƙi. Amma da wane baki za ta ce a'a ga matar da ta shiga ruwa har wuya saboda 'yarta? Ta ce to. Da ta fito ta dubi magaryar, ta ga ko ƙirjinta ba ta kai ba, ganyen ɗan kaɗan, sai ta ƙudura a ranta cewa in ta kasa komai, ba za ta kasa tara wa Iya ganye ba. Washegari ta fara kai bokiti. Garin neman gira ke nan aka tasam ma ido.

Yanzu tsohuwar ta ce a kawo mata kujera, a kuma kira mata Muttaka. Ya zo da fartanya yana tambayar jiki, ta ce jiki ga shi nan, ya tone mata gindin itacen a hankali kamar mai tonon rogo. Yana sara ƙasa wari ya taso, laka baƙa ƙirin mai kumfar sabulu. Saiwoyin sama sun yi laushi, in an taɓa su sai su saɓule. Ramatu ta tsuguna tana kallo, hawaye ya cika mata ido, ta ce ta shiga uku, ta kashe ta.

Yakaka ta ce a miƙo mata reshe ɗaya. Ta kankare bayansa da farce, ta kawo shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Can ƙarƙashin ɓawon akwai ɗan kore.

Nan take ta hau ba da umarni kamar ba ita ce aka riƙo ta zauna ba. A kwashe lakar. A ja 'yar rariya ruwan da ya kwanta ya tsiyaye. A kawo yashin kogi a cike gurbin, a tayar da shi ya yi tudu. A kwashe ruwan cikin tulu har ya bushe. A sare rassa, a bar guntaye kamar tsawon hannu. Muttaka yana sara ƙaya tana cin hannunsa, yana cewa shi dai bai taɓa ganin an yi jinyar itacen da ke fitowa a juji ba, ta ce masa shi ma a juji aka binne cibiyarsa kuma ga shi ana ba shi tuwo. Da aka gama, Ramatu ta tambaya sai me kuma za a yi.

"Sai ki ƙyale ta."

"Ko ɗan yayyafi, Iya?"

"Ko tofin yawu. In tana da rai, za ta nemi ruwanta a ƙasa. In kika ci gaba da kawo mata, me zai sa ta nema?"

A duk abin da aka taɓa sa Ramatu, babu wanda ya yi mata wuya kamar wannan. Rana ta buɗe irin ta bayan salla, wadda ƙofar langa-langa ba ta taɓuwa da azahar, kaji suna buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Ta wuce ta gaban guntayen rassan nan ɗauke da ruwa, ta ji hannunta yana ƙaiƙayi. Sau da yawa ta tsaya, ta waiga ɗakin Iya, ta ga labule a sake, ta ce a ranta moɗa ɗaya me za ta yi. Sai ta cije ta wuce. Ta ji haushin itacen, ta ji haushin kanta, wani lokaci har tsohuwar ma ta ji haushinta, sannan ta yi istigfari.

Yakaka ba ta ƙara fitowa ba. Ramatu ce ke dama mata kunu, ita ke share ɗaki, ita ke yi mata wanka da hantsi a cikin babbar roba, domin ba ta iya kaiwa bayi. A wurin wankan nan ne tsohuwar ta ɓullo da wata sabuwar fitina. Yau ta ce a fara da wanke mata hannu da baki kamar alwala. Gobe ta ce a rufa mata zani daga ƙirji zuwa gwiwa, a cusa hannu ta ƙarƙashi. Jibi ta ce a gama ɓangaren dama kaf kafin a taɓa hagu, a juya ta a hankali, a tallafe kai. Ramatu tana bi ba tare da ta kawo komai a ranta ba, har ranar da aka ce ta naɗe tsumma a hannu. Nan ta tsaya cak, soso ya faɗi cikin ruwa.

"Iya, wankan rai nake yi miki."

"Na sani. Ba ke nake koya wa ba, hannunki nake koya wa. Ke ranar za ki ruɗe. Shi ba zai ruɗe ba."

Ramatu ta ce ita fa tsoro take ji, kuma Iya ta san tana ji. Yakaka ta ce ta sani, ai ba don ba ta sani ba ta zaɓe ta. Ta ce wadda ba ta tsoro ita ce ke jan gawa kamar buhu, tana wanki tana hira. Sannan ta ƙara da abu ɗaya, ta ce shi ne kan aikin: duk abin da idonta ya gani a jikin mamaciya, ta bar shi a ɗakin, kada ko mijinta ya ji. Ramatu ta tsamo soso ta ci gaba, ta fara da dama.

Kowace safiya tambaya ɗaya ce ke jiranta bayan gaisuwa: ta toho? Kowace safiya amsa ɗaya. Jikin tsohuwar kuwa yana ta zubewa, kunun da take shan rabin kofi ya koma cokali uku, sannan ta kau da kai. Muttaka mutum ne mai tausayi, ba ya son ganin matarsa tana rama tare da marar lafiya. Wata rana ya dawo daga fadama da reshen magarya shar da ganye, ya ce ta kai wa Iya ta ce ga tata ta farfaɗo, hankalinta ya kwanta. In ta Allah ta kasance, ga ganye nan ko'ina a daji, har dakakke ana sayarwa a kasuwa. Ganye ai ganye ne, in ji shi, kuma malamai ba su ce sai na gidan mutum ba.

Gaskiya ya faɗa, kuma Ramatu ta san gaskiya ce. Ta karɓi reshen, ta bi ta gurbin katanga, har ta kai hannu ga labule. Sai ta tuna cewa matar da ke kwance a ciki ba ta taɓa neman komai a wurinta ba, ko gishiri, sai wannan abu guda. Ta jefa wa akuya reshen ta shiga hannu wofi.

"Ta toho?"

"Ba ta toho ba, Iya."

Tsohuwar ta yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari. "To, sai in ɗan jira ta." Sai kuma ta ce, "Astagfirullah. Ajali ba ya jiran ganye. Amma dai in Allah ya so."

A cikin makon ne Falmata ta iso daga Birniwa, doguwar mace mai tsage a kumatu da ƙullin kaya a kai, ta shigo tana gaisuwar wushe wushe da yarensu. Ta rungume yayarta suka yi ta magana ƙasa-ƙasa cikin Barbarci. Ta gode wa Ramatu, amma godiya irin ta wanda ya zo karɓar aiki. Daga ranar ita ce mai kunu, ita ce mai shara. Wanka kaɗai Yakaka ta ce a bar wa 'yar fadama. Falmata kuwa ta riƙa zama a bakin gado tana bin hannun Ramatu da ido, kuma da ta ji labarin abin da ya sami magaryar da ita ta aiko da irinta, ta taɓe baki ta ce mutanen kogi ke nan.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma yana watsewa, iska mai zafi tana kwasar ledoji a lungu. Wata safiya Ramatu ta zo wucewa, wani abu ya riƙe mata gefen zani. Ta sunkuya za ta cire, sai ta ga ƙayar sabuwa ce, ja-ja, mai taushi. A gindinta ga wasu 'yan ganye kamar kunnen ɓera, samansu yana sheƙi, ƙasansu fari-fari. Ta duba ɗaya reshen, ga su. Ta duba na bayansa, ga su.

Ta yi hamdala a fili. Ta miƙe da sauri za ta shiga ɗaki, sai kuma ta tsaya. Makonni ta yi tana roƙon Allah ya nuna mata wannan ganye, ba ta taɓa tsayawa ta tuna abin da za a yi da shi ba. Ta san ajali na Allah ne. Duk da haka maganar nan ta sai in ɗan jira ta ta dawo mata, ta ji kamar in ta buɗe baki ta faɗa, ita ce ta buɗe wa mutuwa ƙofa. Ta koma gidanta ta wanke tukwanen da ta riga ta wanke. Ta share tsakar gida. Sai da rana ta ɗaga sannan ta shiga, kuma ba ta jira an tambaye ta ba.

"Iya, ta toho."

Yakaka ta buɗe ido. Ta ce a tsinko mata ɗaya, ƙarami, kada a yi mata ɓarna. Ramatu ta kawo ta sa mata a tafin hannu. Tsohuwar ta murza shi da yatsa, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Kin ga da kika ƙyale ta," in ji ta. "Allah ya yi miki albarka, Ramatu. Bari su ɗan yi ƙwari."

Ba ta saba kiranta da sunanta ba. Ramatu ta fita ta tsaya a bayan ɗaki ta yi kukanta ba sauti.

Sun yi ƙwari kuwa. A 'yan kwanakin da suka biyo baya rassan suka miƙe, ganye ya kai faɗin farce, ya yi duhu. Ba shi da yawa, amma yana nan. Yakaka ta daina karɓar kunu, sai ruwa da ake ɗiga mata da auduga. Ranar wata Laraba da hantsi, Falmata tana riƙe da kanta tana laƙƙana mata kalmar shahada, Ramatu tana wajen ƙafafu, mai tallan kifi yana wucewa a lungu yana kira, ta ja numfashi ta sauke, ba ta ƙara ja ba. Falmata ta shafe mata ido ta ɗaure mata haɓa. Aka aika masallaci, Muttaka ya tafi neman likkafani, gida ya fara cika da mata.

Nan ne Falmata ta naɗe hannun riga ta ce a ɗora ruwa, a aiko mata da dakakken ganye daga kasuwa, ita za ta wanke 'yar'uwarta. Ta ce ciki ɗaya suka fito, ba za ta zauna bare ta yi mata ba, balle wadda kowa ya ce ko makara ba ta iya kallo. A cikin matan unguwa babu wadda ba ta san gaskiya ce ba. Ramatu ta ji wani sanyi ya ratsa ta, sanyin wanda aka sauke wa kaya. Ga ƙofa a buɗe, ba wanda zai zarge ta. Ta dubi ɗakin, ta dubi labulen.

"Iya Falmata, ki yi haƙuri," in ji ta. "Wasiyya ta bar mini, kuma na ce mata to. Ki shiga tare da ni ki zuba mini ruwa. In kika ga na kasa, ki karɓa."

Falmata ta dube ta. Sannan ta ce ta ji, ai ita ma yayarta ta faɗa mata, tana so ne ta ji daga bakin Ramatu.

Ramatu ta ɗauki ƙoƙo ta tsuguna a gaban magaryar. Ganyen yana can tsakanin ƙaya, ba ya tsinkuwa sai an cusa yatsu. Ta cusa. Miƙaƙƙiya ta soke ta, lanƙwasasshiya ta riƙe ta, ba ta janye ba. Tana tsinka tana barin na kan reshe, domin an sha gaya mata ba a yi wa itace tsirara. Abin da ta samu bai wuce cikin tafi biyu ba. Ta kai wa Falmata tana jin kunya, ta tambaya ko zai isa. Falmata ta leƙa ƙoƙon ta ce ya isa har ya yi saura, ai ba miya za a yi ba. Aka daka shi a ƙaramin turmi, aka zuba a ruwa, Ramatu ta kaɗa da hannu har ya yi kumfa, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ɗakin.

Da aka saki labule, sai ta ji kamar tana ƙofar ajin nan na makarantar firamare. Ta yi bisimilla. Sai ta ga hannunta ya riga ta: ya ja zani daga ƙirji zuwa gwiwa, ya naɗe tsumma, ya tallafe kai. Ta bi shi. Jikin da ta yi makonni tana wankewa ne, ta san kowace gaɓa, ta san kafaɗar da ba ta son a ɗaga da ƙarfi, kuma ta sami kanta tana lallaɓa kafaɗar kamar har yanzu za ta yi zafi. Falmata tana zuba ruwa, ita tana cuɗawa, dama sannan hagu, har aka kai na ƙarshe mai kafur. Ta tsefe furfurar, ta wanke, ta yi mata kitso uku ta kwantar a baya. A wurin kitson ne hawaye ya zo mata, domin ta tuna wadda ta yi wa Ummussalma nata, kuma ba kukan tsoro ba ne. Godiya ce ta cika mata ƙirji har ta rasa inda za ta sa ta. Sauran abin da ta gani a ɗakin ta bar shi a ɗakin, mu ma ba za mu tambaye ta ba.

Maza suka shigo da makara suka fita da ita. Aka yi salla a ƙofar gida, sawun ƙafafu ya yi nisa ya ɓace. Ramatu ba ta ɓuya ba, tana tsaye a tsakar gida har aka sha kwana.

Sai bayan nan ta ji hannuwanta suna zugi. Ta zauna a dokin ƙofar ɗakin ta buɗe su a cinya. Tafin ya yi kore-kore, yatsun duk sun kakkarce, kan ƙaya ya karye a ciki nan da can, ruwa ya sa wurin ya kumbura. Mata suna ta shigowa da sallama, ana shimfiɗa tabarmi, wata tana tambayar ina za a ajiye kwanon abincin da ta kawo.

Falmata ta fito daga ɗakin ta zauna kusa da ita. Ta zare allura daga bakin ɗankwalinta, ta goge ta a zani, ta jawo hannun daman Ramatu ta ɗora a kan gwiwarta. Ta karkata shi wajen haske ta fara tono ƙayar ɗaya bayan ɗaya, tana hurawa, tana shafewa da babban yatsa. Da ta gama ta juya hannun ta duba bayansa.

"Kawo ɗayan, 'yata," in ji ta.

Ramatu ta miƙa mata.